Haƙorin Maraɗi

Kaka ce, irin wadda manomi ke barin gona yana waiwayenta don daɗi. Ruwa ya sauka a kan kari ya ɗauke a kan kari, gyaɗa ta yi 'ya'ya har a gonakin da aka fidda rai da su. Duk lungun da ka bi a Talata Mafara ƙanshin suya ne ke tarbonka, ni ma kaskona bai huta ba, ina matsar mai ina murza ƙuli-ƙuli tun hantsi har la'asar. Shekarar ƙoshi ce ga kowa. Ni kaɗai ce a gidan ke cin tuwo da gefe guda na baki, saboda haƙori.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance, ranar sunan ɗiyar Safiya, babbar ɗiyata, na ji ɗaya daga cikin jikokina tana gaya wa ƙawarta wai kakarta ta je Makka tun ba a haife ta ba, ga haƙori nan shaida. Ban tsawata mata ba, yarinya ce, abin da ta gani ta faɗa. Amma na ce tunda Allah ya sa na iya riƙe alƙalami, gara in rubuta muku, ku 'ya'yana, da hannuna. Ban je Makka ba. Ina fata, ban fidda rai ba, amma har yau ƙafata ba ta taka can ba. Wannan haƙori mai ƙyalli da kuka taso kuka gani a bakina, a Maraɗi aka sa shi.

Kun san yadda nake gwada ƙuli. Kowane kasko na kwashe sai na ɗauki guda na gartsa da haƙorin gaba, in ya yi ƙaras to ya soyu. Wata rana tsakuwa ta ɓuya a ciki, na gartsa, rabin haƙorin ya tafi. Da farko ban damu ba. Sannu a hankali sauran ya yi baƙi, ya fara zogi, ruwan randa ma in ya taɓa shi sai na ji har tsakar kai. Na yi ta danna kanumfari, ina kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, haka na yi shekara biyu. Ciwon ina iya haƙuri da shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na koma magana da gefen mayafi a baki. A ajin yaƙi da jahilci da muke zuwa da yamma, ni ce Malama ke tayarwa in yi karatu da ƙarfi, sai na koma ce mata idona ke ciwo. Babanku kun san shi, magana a wurinsa kamar sayenta yake yi. Amma wata rana ya dawo daga gonar shinkafa, ina zuba masa ruwa yana wanke ƙafa, ya ɗago ya dube ni.

"Kulu, yaushe rabon da in ga haƙoranki?"

Na ce suna nan.

"Suna nan ɗin ne ban gani ba. Shirya, jibi mu tahi Gusau."

A Gusau wuri na farko suka ce a cire kawai, a bar giɓi. Wuri na biyu likitan ya ce ana iya ceto shi, a kashe jijiyar a yi masa marufi, sannan ya faɗi kuɗin. Babanku ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar ya ajiye wani abu, ya mayar. Muka yi godiya muka fito. Na san ko an haɗa ragon layya da buhunan gyaɗata ba za su kai ba, kuma ba zan yarda a hana ku naman Sallah saboda bakina ba.

Yaya Ige ce ta kawo zancen Maraɗi. Ita ce babbar yayata da ke aure a Bakura, wadda ke kai busasshen tattasai Nijar ta sayo kanwa da atamfa. Allah ya ba ta murya, in tana gaisuwa a zaure ana amsa mata a maƙwabta. Ta zo cin kasuwar Talata ta biyo, ta same ni da kumburarren leɓe.

"Ke dai kin cika zurfin ciki. Shekara biyu kina ruhe baki kamar amarya? Tashi mu tahi Maraɗi. Akwai wani lokotoro kusa da masaukina, mata nawa na kai mishi. Abin da anka ce miki a Gusau, can ko rabinshi ba a kai."

Na ce mene ne lokotoro kuma.

"Likita mana! Haka suka ce mishi can. Ke ko iyaka ba ki taɓa gani ba, mi kika sani ban da kasko?"

A lokacin kuɗinmu na da ƙarfi in an canza su zuwa sefa, kuma hanya lafiya lau take, mace na iya tafiya ba fargaba. Babanku ya kwana biyu yana nazari, rana ta uku ya ce in je. Sauran mako biyu Babbar Sallah, Yaya Ige ta ce kwana uku za mu yi. Ban aika wa Inna, mahaifiyata da ke Janbako, da labari ba. Ta tsufa, idonta ya yi yana, kuma in ta ji zan ƙetare iyaka, ni da ban saba tafiya kamar Yaya Ige ba, ba za ta iya cin abinci ba har in dawo. Na ce kwana uku ne, in na dawo ta ji. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Mun bi ta Gusau da Ƙaura har Jibiya. Ina ta baza ido in ga inda ƙasarmu ta ƙare, ashe igiya ce kawai aka gitta a hanya, da mutane masu kaki iri biyu. Geron can irin geron nan ne, awaki irin namu. Da muka shiga Maraɗi na ji Hausa ko'ina, sai dai in an zo lissafi ko zancen asibiti su juya harshe. Lokotoron mutum ne mai sanyin hali. Ya leƙa bakina da ɗan madubi, ya girgiza kai, ya ce akwai mugunya a ƙarƙashi, ba zai taɓa ba sai na sha magani kwana bakwai kumburin ya saɓe. Bayan nan ya kashe jijiyar, zuwa biyu. Sannan ya cusa mini wani abu kamar ƙullu a baki ya ɗauki awon haƙorin, ya ce wani ne ke ƙerawa. Wancan kuma ya rufe shago ya tafi garinsu yin Sallah. Kwana uku suka zama kusan wata.

Haka na yi Sallah a gidan mutane. Matar da Yaya Ige ke sauka wurinta ta riƙe mu da mutunci, ba zan manta ba. Na ga yadda suke yi can, a feɗe rago a baje shi a kan sanduna, a jera su kewaye da wuta a bakin titi, unguwa duka ta ɗauki ƙanshi. Ina kallo ina tuna Safiya, shekararta goma sha uku, ita kaɗai a gaban kaskon suya da ƙannenta kewaye da ita. Safiya, kin sha gaya mini a wasa cewa ni ce uwar da ta gudu ranar Sallah. Ki sani a ranar na shiga ɗaki na yi kuka, kuma ƙunar da ke bayan hannunki ta man suya har yau in na gani sai na ji ta a jikina.

Ranar da aka ɗauki awo lokotoro ya ajiye mini haƙora biyu a tafin hannunsa in zaɓa. Ɗaya fari kamar na kowa, ɗaya na ƙarfe mai ruwan zinariya. Ya ce farin ya fi tsada, kuma ba ya son abu mai tauri. Ya tambaye ni sana'ata, na gaya masa, har da yadda nake gwada ƙuli. Ya yi dariya ya ture farin gefe.

"In ƙuli za ki gartsa, Madam, wannan ba zai kai Sallah mai zuwa ba. Ɗauki na ƙarhe. Ya fi sauƙi, kuma jikokinki za su same shi."

Yaya Ige ta zungure ni.

"Ɗauka, Hajiya! Ga Makka ta zo miki har Maraɗi."

Na ce ta daina, ba kyau. Na sani sarai cewa a wurinmu wanda ya sauke farali ne ke dawowa da irin wannan haƙori. Amma na ce a raina kowa a unguwa ya san inda na tafi, wa zai ruɗe? Kuma tunda gaskiya na zauna rubutawa, da aka sa shi aka miƙo mini madubi, na daɗe ina kallo. Ya yi mini kyau. Ban taɓa mallakar wani abu mai ƙyalli haka ba. Da ragowar kuɗin na sayi dabino mai yawa, don can yana da araha, na ce tsarabar yara da ta Inna.

A Mafara babu wanda ya ruɗe. Maƙwabta suka yi ta tsokana, babanku ya dube ni ya ce to yanzu sai a yi ta dariya kada kuɗin su tafi a banza. Na koma aji, Malama ta tayar da ni, na karanta shafi guda ban rufe baki ba. Bayan mako biyu na ɗaure dabino na nufi Janbako gaida Inna. Abin da ban sani ba, tun ina Maraɗi wani mai sayar da awaki ɗan garinmu ya haɗu da babanku a kasuwar Talata ya tambaye shi ni. Babanku, da tsumulmular maganarsa, ya ce na yi tafiya ƙasar waje sai bayan Sallah, ya wuce. Mutumin ya kai labari gida. Mace ta bar ƙasa ana shirin Babbar Sallah, ina za ta in ba aikin Hajji ba? Ga shi na iso a daidai makon da alhazan farko na ƙasar Maradun suka fara sauka, da ƙullin dabino a ka.

Motar kasuwa ta sauke ni wajen azahar, jikina duk ya yi tsami saboda ramukan hanya. Ban kai ƙofar gidanmu ba na ji guɗa. Mata suka fito kamar an buɗe musu ƙofa guda, wannan ta karɓi kaya, wannan ta rungume ni tana shafa fuskarta a kafaɗata.

"Hajiya! Maraba da baƙin Manzo! An dawo lahiya?"

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, rana ta haska haƙorin, guɗa ta ƙaru har ban ji muryata ba. Kafin in zauna an kwance dabinon ana rabawa, kowa na karɓa da hannu biyu yana bismilla. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a tsakar gida, ni da kullum in na zo a bakin murhu nake zama. Na ce bari hayaniya ta lafa in yi bayani. Hayaniya ta lafa, ban yi ba. Ba zan ce kunya ce kaɗai ba. Daɗi na ji. Matan da suka san ni da warin man gyaɗa yau suna durƙusa mini, sai na ce a raina bari in ɗan ƙara jim kaɗan. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko.

Sai ga Laraba, maƙwabciyar Inna da ke ɗebo mata ruwa, ta shigo da kaza a hammata, tana jaye da ɗiyarta wadda ta shekara tara da aure ba haihuwa. Ta ajiye kazar a gabana ta durƙusa.

"Hajiya, an ce addu'arku ba ta faɗuwa ƙasa har kwana arba'in. Ga ɗiyarki nan. Ki roƙa mata."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarma. Na ɗaga hannu na yi addu'a, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya na yi ta. Amma da na shafa, sai na ji haƙorin ya yi mini nauyi a baki kamar dutse.

Duk wannan abu Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Aka kai mata dabino ta ce a ajiye. Na ɗauka murna ce ta yi mata yawa, don na san tun muna yara babu abin da take roƙo kamar Allah ya kai ɗaya daga cikinmu ɗakinsa. Wannan ya ƙara ɗaure mini harshe. Yaya zan dubi tsohuwa in ƙwace mata abin da ta shekara da shekaru tana jira? Bayan la'asar mutane suka watse, ya rage ni da ita da kazar Laraba ɗaure a turmi. Na ɗauko man shanu na zauna ina shafa mata a ƙafa, ina juya maganar a raina ina neman bakin zarenta. Ita ce ta riga ni.

"Kulu, mi na yi miki?"

Na ce, "Ni, Inna? Ba ki yi mini komai ba."

"To mi ya sa kika tahi ba sallama? Ko bare zai tahi Makka sai ya bi gida-gida ya nemi gafara. Ni da na haife ki, a bakin mai awaki zan ji? Tun ranar da labarin ya zo tuwo bai yi mini daɗi ba. Na ce ko wani laihi na yi mata ta riƙe. Kuma ina da saƙo, Kulu. Tun rasuwar ubanku nike riƙe da shi, in ba wanda zai tahi ya tsaya gaban ɗakin ya kira sunanshi. Kin je kin dawo, saƙona na hannuna."

Muryarta ba ta tashi ba. Ashe duk yinin nan da nake jin daɗin tabarma, uwata na zaune da wannan a ciki. Na saki ƙafar na matsa kusa da kunnenta.

"Inna, ban je Makka ba. Maraɗi na je gyaran haƙori. Can ya fi araha."

Ta juyo da fuskarta wajena.

"Maraɗi? Wagga Maraɗin da Ige ke sayo kanwa?"

Na ce ita.

Sai ta fara dariya. Ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, na ɗebo mata ruwa, ta sha ta ci gaba, hawaye na bin kumatunta. Rabon da in ji dariyar Inna haka tun babanmu na da rai.

"Alhamdulillahi! Ashe ɗiyata ba ta raina ni ba. Matso in taɓa abin da ya tada garin ga."

Na buɗe baki, ta sa ɗan yatsa ta shafa shi, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Yana tauna ƙuli?"

"Yana taunawa, Inna."

"To ya yi aikinshi. Miƙo mini dabinon nan, tun ɗazu raina ke wurinshi."

Tana ci ta ba ni saƙon, ta ce in riƙe tunda ita ƙafa ta gaza. Ba wani dogon abu ba ne. A tsaya inda ake ganin ɗakin Allah, a kira sunan babanmu da na mahaifinsa, a roƙa masa gafara, a ce matarsa ta yafe masa duka. Daga baya ta ce a haɗa da nata sunan. Inna ta rasu bayan shekara uku, saƙon na hannuna har yanzu, na rubuta shi a bangon baya na wannan littafi. In Allah ya kira ni can, zan kai da bakina. In bai kira ni ba, duk wanda ya fara zuwa a cikinku ya ɗauka. Amma ya zo ya yi mini sallama tukuna.

Kafin magariba na gaya wa Inna gobe zan bi gidajen duk waɗanda suka zo in faɗa musu. Ta ce gidajen da yawa, kuma za a yi mini dariya har in mutu. Na ce na sani. Ta ce to in fara da na Laraba.

Da gari ya waye na yi salla, na dama wa Inna kunu, na kwance kazar daga turmi na saƙale ta a hammata. Na sami Laraba tana shara. Na gaishe ta har ƙarshen gaisuwa, sannan na miƙa mata kazar na faɗa mata komai, ban rage ba, har da cewa na sami damar magana jiya na yi shiru. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon bakina.

"Amma addu'ar da kika yi wa ɗiyata, da gaske kika yi ta?"

Na ce da gaske.

"To Allah na Makka shi na na Maraɗi. Riƙe kazarki, Hajiyar Maraɗi, ki yanka ma Inna."

Ta juya ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta kan danga ta zo ta ji labari. Ban jira ba. Na gyara kazar a hammata, na sauke mayafin da kunya ta sa na sake ja wa bakina, na yi sallama a gida na gaba.